Ma'anar "gamji" a bakin mawaƙan fada

Malam, ka ce ka ji wata tsohuwar waƙa a shagon tela a Unguwar Rogo, nan Jos, inda mawaƙin yake kiran ubangidansa "gamji", kuma kana neman sanin manufarsa.

Gamji itace ne babba, dangin ɓaure da durumi da ceɗiya, mai faffaɗan ganye da inuwa mai duhu, wanda idan aka sare ɓawonsa yakan zubo da farin ruwa mai danƙo. Duk wanda ya taɓa zama a gindinsa da rana tsaka, ya ga fatake sun sauke kaya suna shan iska, ba zai sha wahalar fahimtar baitin ba, domin mawaƙin yana nufin ubangidan nasa ya zama inuwar da jama'a suke fakewa a ƙarƙashinta, kuma sara ɗaya ba ya kayar da shi.

Sai dai ina ba ka shawara ka sake sauraron baitocin da ke kewaye da kalmar. Idan an ambaci Sakkwato ko Kaduna, to mai yiwuwa Sardauna Ahmadu Bello ake nufi, Firimiyan Arewa da aka kashe a 1966, Allah Ya jiƙansa, wanda wannan kirari ya zame masa tamkar suna.