Faɗuwar Gaba da Ƙwayoyin Kemis: Amsoshin Wasiƙunku

Wata baiwar Allah daga Funtuwa ta rubuto: "Ina zaune lafiya lau sai zuciyata ta hau dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, gumi ya karyo, in ji kamar raina zai fita. Can sai abin ya lafa. A gida an ce iska ce, kuɗi sun ƙare wajen hayaƙi. Ina zan nufa?"

Sannu ƙanwata, Allah Ya ba ki lafiya. Abin da kika kwatanta ya yi kama da ciwon firgici, wanda kan taso ba gaira ba dalili, ya kai maƙura cikin kamar minti 10, sannan ya sauka da kansa. Yana da ban tsoro ƙwarai, amma shi kansa ba ya kisa, kuma ba hauka ba ne. Ki riƙe addu'a, ki kuma je babban asibiti ki yanki kati. A auna jininki, a duba sukari da ƙarancin jini, a yi gwajin zuciya na ECG, a duba tayirod, wato halittar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, domin duk suna iya kawo irin wannan. In sun fito lafiya, ki nemi a tura ki wajen likitan ƙwaƙwalwa. Akwai su a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato. Idan ya taso, ki zauna, ki ja numfashi a hankali ta hanci, ki fitar da shi a tsawaice. Amma ranar da ciwon ƙirji ya bazu zuwa hannu ko muƙamuƙi, ko kika suma, a garzaya da ke asibiti nan take.

Wani matashi daga Kano yana tambaya: "Mai kemis ya ba ni diazepam, abokina ya ce Lexotan ya fi. Wanne zan saya?"

Ko ɗaya! Haba ɗan samari, yaushe abokinka ya zama likita? Wannan ɗabi'a ta tsayawa a kemis a ce "ba ni na barci na ɗari biyu" ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ƙwayoyin nan sukan kwantar da kai yau, cikin 'yan makonni jiki ya saba, ɗaya ta daina yi maka sai biyu. Ranar da ka yanke su farat ɗaya, firgicin ya dawo da ƙarfi, wani har farfaɗiya. Wasu cikin yaran da muke kira 'yan ƙwaya da neman barci suka fara. Ga kuma jabu: ana yanko maka ƙwaya daga sacet, ba kwali, ba lambar NAFDAC, ba ka ga ranar lalacewarta ba. Ban ma fara maganar masu tallar magani a faranti cikin rana ba, ko masu lasifika a tasha da kwalba ɗaya mai maganin basir, sanyi da faɗuwar gaba a lokaci guda. Maganin da likitoci suka fi rubutawa, irin su fluoxetine da sertraline, yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin a ji amfaninsa sosai, ana kuma haɗawa da zaman tattaunawa da ƙwararre. In ka riga ka jima kana shan diazepam, kada ka daina da kanka. Faɗa wa likita gaskiya, shi zai rage maka sannu a hankali.

Wani Alhaji daga Maraɗi yana son sayen agogon hannu mai auna bugun zuciya don ya riƙa dubawa.

Alhaji, ajiye kuɗinka ka biya awon asibiti. Mai firgici in ya ɗaura agogon nan, wuni zai yi yana leƙe, da lambar ta ɗan hau sai gaban ya sake faɗuwa.

Wata ɗaliba daga Zariya ta ce ko lemon ƙara kuzari da take sha lokacin jarrabawa yana da hannu wajen faɗuwar gaba.

Yana da shi. Da shi da kofi da goro duk suna ɗauke da kafeyin, sinadari mai sa zuciya bugu da sauri. Ki rage su a hankali, ki sami barci, in abin bai lafa ba ki je asibitin makarantarku.