Tambaya da Amsa: Feshin sabuwar inhela ta ba ƙarfi, ko jabu ce?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Na daɗe ina shaƙar salbutamol saboda asma, kwanan nan aka canza min inhelar aka ba ni ta wani kamfani, to ita feshinta sanyi sanyi yake fita, ba ya bugun maƙogwaro kamar waccan. Anya ba jabu aka ba ni ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara lafiya. Bugun nan da kake ji a maƙogwaro ba shi ke nuna magani ya yi aiki ba, hasali ma duk abin da ya buge ka a nan to a nan ya tsaya, huhu bai gan shi ba.

Ka duba robar da ake zura gwangwanin a ciki, akwai wani ɗan mitsitsin rami da bai wuce rabin milimita ba, ta nan maganin ke fitowa in ka danna. Wannan ramin shi ne kusan komai. In yana da faɗi feshin zai fito da gudu, ɗigonsa manya, sai su manne a baki da maƙogwaro tun kafin ka ja numfashi, in kuma ƙarami ne feshin zai fito a hankali kamar hazo ya ɗan jima yana fita, ka samu damar jan sa ciki. Ƙwayoyin da ke iya kaiwa can cikin hanyoyin iska su ne masu girman mikron 1 zuwa 5, gashin kai ma ya ninka su kauri sau da yawa. Kowane kamfani da irin raminsa da bawul ɗinsa, wato abin da ke auna maganin da zai fito a kowane danni, shi ya sa magani ɗaya, mikrogiram 100 a kowane danni, amma ji ya bambanta. Iskar da ke tura maganin ma an canza ta, da can CFC ce mai sanyi da ƙarfi, aka daina bayan yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Montreal ta 1987 kan kare muhalli, aka koma wata iskar mai suna HFA.

Abin da na fi roƙon ka, don Allah kar ka cire gwangwanin wannan ka sa a robar waccan, tare aka auna su. Sannan ramin yana toshewa da busasshen magani, wannan kam yana rage feshi da gaske, sai ka cire gwangwanin ka wanke robar da ruwan ɗumi sau ɗaya a sati ka bar ta ta bushe sarai. Ka girgiza kafin ka danna, ka ja a hankali, ka riƙe numfashi kamar daƙiƙa 10. In ka samu sifesa, wato bututun nan da ake jona wa a bakin inhelar, ya fi, don tana rage gudun feshin.

Amma fa in ka shaƙa ƙirjinka bai saki ba, ko ka ga kana buƙatarta fiye da da, kar ka jira, ɗauki inhelar ka je asibiti a duba ka a duba ta.