Tambaya da Amsa: Zum ba don jawo na nesa kaɗai aka yi shi ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina ɗaukar hoton biki da suna. Kwanan nan na sayi tsohuwar kyamarar Canon da gilashi biyu, 18-55mm da 70-300mm, amma ban san amfanin zum ba in ba jawo abin da ke nesa ba. Na ga wani hoton Hawan Sallah, mahayin ya fito a tsakiya, duk abin da ke gefensa kuwa ya zama zare-zare kamar ana fizgarsa. Aikin kwamfuta ne? Daga mai karatu, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Ana iya yin sa da kwamfuta, amma asalinsa aikin hannu ne: murza zoben zum ake yi daidai lokacin da idon kyamara yake buɗe. Komai sai ya ja layi daga tsakiya zuwa gefe, tsakiyar ce kaɗai ba ta gusawa sosai, shi ya sa ake ajiye fuskar mahayi a nan.

Juya maɓallin saman kyamararka zuwa Tv (masu Nikon nasu S ne), ka sa ƙiftawar, wato tsawon lokacin da idon kyamara zai kasance a buɗe, a 1/15 ko 1/8 na daƙiƙa, ISO kuma, wato ma'aunin ƙarfin jin hasken kyamara, 100. Ka saita fuskar ta fito tar, sannan ka kashe saitin da kyamara ke yi da kanta don kada ta riƙa farautar inda za ta saita. Abin da aka fi mantawa: dole a fara murzawa kafin a danna, a ci gaba har bayan an ji ƙas. In ka danna tukuna, ka makara. Kuma da ƙaramin gilashin za ka fara, domin dogon yana ninka rawar hannu.

Rana ce babbar abokiyar gabarka a nan. Da tsakar rana hoton fari fat zai fito ko da ƙofar haske ta tsuke zuwa f/22, sai in kana da baƙin gilashin nan na ND mai rage haske. Ni a Hawan Daushe na Kano na fara gwadawa, da yake bayan la'asar ake yi. Na ɗauki kusan arba'in, biyu ne suka yi kyau, sauran ko mai dokin ba zai gane dokinsa ba. Kada ka jira Sallah, ka koya da fitilun ado na wurin biki da dare: kafa kyamara kan mazauninta mai ƙafa uku, daƙiƙa ɗaya ta isa.

Sai dai gaskiya, wannan dabarar yaji ce, sau ɗaya a kundin hotunan biki ya wadatar. Wadda za ta kawo maka kuɗi ita ce ja da baya. Tsayar da ango nesa kaɗan da ƙofar fadar Zazzau, ka matso kusa da shi a 18mm: hanci ya yi girma, ƙofar ta koma can ƙarama. Yanzu ja baya kamar taku ashirin, ka sa dogon gilashin a 200mm. Fuska ta daidaita, zanen ƙofar ya taso ya cika bayansa kamar ya jingina da ita. Ba gilashin ne ya yi sihirin ba, nisan da ka ba shi ne. Gilashin yanko maka wurin kawai ya yi. Haka ake sa dawakai goma su fito a cunkushe kamar rundunar yaƙi. A 200mm kada ƙiftawarka ta gaza 1/250 in a hannu kake riƙe.

Da hunturu kuma ka yi hattara. Irin zum ɗin da ke miƙewa yana komawa iska yake zuƙa, da ƙurarta. Kada ka sauya gilashi a filin hawa, shiga mota ko wani shago, bakin kyamara na kallon ƙasa.