Digirin kula da agajin gaggawa ta intanet: za a karɓi darussan da na riga na ci?

Malam, ka ce ka yi shekara biyu a jami'a ka tsaya, kana neman digirin kula da agajin gaggawa ta intanet a Amurka ba tare da ka koma farko ba. Ana samu.

Digirin farko a can galibi kiredit 120 ne (kiredit shi ne ma'aunin nauyin kowane darasi). American Public University tana da wannan fanni, kuma tana karɓar har kiredit 90 daga waje. Sai dai "har 90" ba alkawari ba ne. Darasin da sakamakonsa bai kai C ba galibi ba a ɗauka. Wani kuma a karɓe shi, amma a zuba shi cikin darussan zaɓi don bai dace da manhajar fannin ba, ka ga bai rage maka komai a darussan dole ba. Nan mutane suka fi yin asara.

Idan ba a Amurka ka yi karatun ba, sai hukuma irin su WES ko ECE ta tantance sakamakonka, kuma ka nemi tantancewar darasi-darasi, domin ta jimla ba ta nuna kiredit. Galibi tsohuwar makarantarka ce za ta aika musu takardar sakamakon kai tsaye. Wannan matakin ne ke cin lokaci, don haka fara da shi. Haɗa da bayanin abin da aka koyar a kowane darasi.

Duba sunan jami'ar a shafin CHEA, ƙungiyar da ke lura da tantance ingancin jami'o'i a Amurka, ka tabbatar tana da izini. Kada ka biya kuɗin makaranta sai sun ba ka a rubuce darussan da suka karɓa da gurbin da kowanne ya cike.