Lakar Ƙasan Teku Da Iyakar Ƙanƙarar Antatika

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Malaminmu ya ce masana sun san inda ƙanƙarar tekun Antatika, can ƙarshen kudancin duniya, ta tsaya shekaru dubbai da suka wuce. Wa ya je can ya auna a wancan zamani? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: 'Yata, Allah ya ƙara basira. Babu wanda ya je. Taurarin ɗan'adam ma sai wajen 1979 suka fara bibiyar ƙanƙarar nan a kai a kai. Shaidar tana kwance ne cikin lakar ƙasan teku.

Akwai wasu 'yan mitsi-mitsin tsirran ruwa da ake kira diyatom, ƙwaya ɗaya tak, ido ba ya ganin su sai da madubin ƙara girma. Kowanne na cikin kwanson silika, sinadarin da ake yin gilashi da shi. In ya mutu, kwanson ya nutse ya kwanta, na bana bisa na bara. Ke ma kin sha shaƙar danginsu: ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi cike take da ɓurɓushin diyatom na tsohon babban tafkin da ya ƙafe.

Abin da ya fi burge ni shi ne kowane iri da gidansa. Fragilariopsis curta da cylindrus 'yan ƙanƙara ne, suna rayuwa cikinta da bakinta, inda ruwan gishiri ke daskarewa a kusan digiri 1.8 ƙasa da sifili. Shi kuwa kerguelensis, mai kaurin kwanso, ya fi son buɗaɗɗen ruwa can arewa, inda sanyin ya ɗan sassauta. Jirage irin Polarstern na Jamus kan soka dogon bututu a ƙasan teku su zaro laka, a yayyanka ta, a ƙirga kwansuna ɗari-ɗari. Masana biyu, Gersonde da Zielinski, sun nuna a shekarar 2000 cewa in curta da cylindrus suka haura kashi 3 cikin ɗari, to ƙanƙarar hunturu na isa wurin.

Da irin wannan ƙirga aka gano cewa wajen shekaru 21,000 da suka wuce, lokacin da sanyin duniya ya tsananta, ƙanƙarar hunturu ta kusa ninka ta yau. Ta yau kuwa kan kai kimanin murabba'in kilomita miliyan 18 a watan Satumba, ƙarshen hunturun can.

Sai dai a yi hattara. Kwanson 'yan ƙanƙara siriri ne, yakan narke kafin ya kai ƙasa, mai kauri kuma ya tsira, har ƙirgar ta karkata wajensa. Inda ƙanƙara ba ta taɓa yayewa ko da bazara kuwa, hasken rana bai cika ratsawa ba, diyatom kaɗan ne ke tsirowa, lakar ta zo kusan wayam. Shi ya sa na fi amincewa da abin da suka faɗa kan iyakar hunturu fiye da ta bazara.