Sai An Doki Kare Kafin Ya Ji Magana?

Tambaya: Malam, ina da kare ɗan wata takwas da yake daka tsalle a kan duk baƙon da ya shigo, idan kuma na kusanci kwanon abincinsa sai ya yi mini gurnani. An ba ni shawarar in riƙa dukansa domin ya san ni ne shugaba. Na ji an ce kai ba ka duka ko kaɗan. Me ya kai ka ga wannan ra'ayi, kuma ba cin hanci ba ne a riƙa ba kare nama don ya yi biyayya?

Amsa: Ni ma da sarƙar shaƙe wuya da tsawa na fara wannan aiki na horar da karnuka, domin haka na tarar wanda ya koya mini yana yi. Abin da ya sauya ni shi ne wata karya da aka kawo mini saboda gurnani, na yi ta hukunta ta har ta daina, na ɗauka aiki ya yi kyau, sai ga shi bayan 'yan makonni ta ciji mai ita ba tare da wata alama ba. Ashe gurnani gargaɗi ne, ni kuma gargaɗin na kashe, tsoron da ke haifar da shi yana nan daram. Wannan ne ya mayar da ni karatun halayyar dabbobi.

Maganar shugabanci da aka kawo maka tana da asali. A 1947 Rudolph Schenkel ya wallafa bincikensa kan kyarketai da aka tsare wuri guda a gidan namun daji na Basel da ke Suwizalan, inda ya ga suna faɗan neman fifiko. Amma a 1999 David Mech, wanda littafinsa na 1970 ya taimaka wajen yaɗa wannan fahimta, ya bayyana cewa garken kyarketai a daji iyali ne na uwa da uba da 'ya'yansu. Kare kuwa ba ma kyarkeci ba ne.

Ƙa'idar da nake aiki da ita ta fito ne daga binciken Edward Thorndike da B. F. Skinner a Amurka: duk halin da ya jawo wa dabba abin da take so, za ta maimaita shi. Karenka yana tsalle ne saboda tsallen yana biyansa, domin ana kallonsa, ana yi masa magana, ana taɓa shi, kuma a wurinsa ko turewa ma kulawa ce. Saboda haka ka sa masa igiya kafin baƙo ya shigo, ka roƙi baƙon ya kau da kai, da zarar ƙafafunsa huɗu sun tsaya a ƙasa sai ka ce "yawwa" ka ba shi ɗan guntun nama. Lokaci ne ginshiƙin abin, domin idan ladan ya wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu, kare ba zai gane me aka biya shi a kai ba. Yawancin masu cewa wannan hanya ba ta aiki, a nan suke kuskure.

Batun cin hanci kuwa, cin hanci shi ne ka nuna masa naman kafin ya yi abin da ka ce, lada kuma yana zuwa ne bayan aiki. Ka ɓoye naman a aljihu, idan halin ya zauna ka riƙa bayarwa jefi-jefi, kana cakuɗawa da wasa da yabo.

Gurnanin kwanon abinci ne ya fi damu na. Kada ka hukunta shi, kada kuma ka riƙa ƙwace kwanon don gwaji. Ka wuce daga nesa yayin da yake ci, ka jefa masa abin da ya fi na kwanon daɗi, ka riƙa matsowa sannu a hankali cikin kwanaki, har ya fahimci zuwanka ƙari ne. Yara su nisanci wurin gaba ɗaya. Idan gurnanin ya fara ne kwatsam, ko kuma ya taɓa kai cizo, ka fara kai shi wurin likitan dabbobi, domin ciwon haƙori ko na kunne kan sa kare mai sanyin hali ya zama mafaɗaci.