Tun da na tashi daga ciwon zuciya, komai sai in ce sai gobe

Assalamu alaikum Gwaggo. Ina gaisuwa, ya aiki, ya haƙuri da mu.

Ni mace ce mai shekara 53, ina zaune a Tawa. Maigidana yana Abijan wajen bida kamar mazan Adar da yawa, sai shekara ta zagayo yake zuwa. Ƴaƴana mata sun yi aure, autana yana lise, wato babbar sakandare. A gidan akwai uwar mijina, sai ɗiyar ƙanena da nake riƙo, ita ma tana zuwa makaranta.

Kusan wata uku ke nan, ina tsugune ina wanki da hantsi, sai wani nauyi ya danne mini ƙirji, zufa ta karyo mini, amai ya taso, ciwon ya bi muƙamuƙi har hannun hagu. Na zaci olsa ce. Aka kai ni asibiti a nan, daga baya aka wuce da ni Yamai, likitoci suka ce jijiyar da ke kai wa zuciya jini ce ta toshe. Allah ya yi da sauran shan ruwa, aka sallame ni da magunguna, aka ce in riƙa motsa jiki kaɗan-kaɗan, in koma a duba ni.

Gwaggo, ni da aka sani ba na iya barci da kwano ɗaya marar wanki a tsakar gida, yanzu kwanukan dare sai su kai la'asar. Kayan wanki sun cika kwando. Ɗakina na fi wata ina cewa zan gyara. Kullum idan na idar da sallar asuba ina ɗaura niyya, amma da na kalli tsintsiya sai jikina ya mutu, in ce bari rana ta yi sanyi, rana ta faɗi in ce sai gobe. Wajen da nake wanki kuwa ko kallonsa ba na so, gabana faɗuwa yake yi. Ina wuni a kan tabarma da waya a hannu, ba barci ba, ba aiki ba. Da dare kuma sai in yi ta kuka, ina jin na zama kaya.

Uwar mijina ta fara cewa ai na warke, son jiki ne ya kama ni, su a zamaninsu ba su san wannan ba. Ba na ba ta amsa, amma maganar tana cina, don ni ma na fara yarda da ita. Yarinyar nan kuma aiki ya yi mata yawa, har karatunta ya ja baya.

Abin ya kai har maganina biyu sun ƙare tun satin da ya wuce, ina ta cewa zan aika farmasi. Ranar komawa Yamai ma ta wuce, idan na tuna hanyar da kuɗin mota sai in ture zancen. Gwaggo, lalaci ne ya same ni da girmana, ko mene ne? Yaya zan yi in dawo yadda nake?

Ƴar'uwarki daga Tawa

*

Wa'alaikumus salam ƴar'uwata. Sannu da jiki, Allah ya ƙara afuwa, ya sa kaffara ce.

Zan fara da abin da kika ajiye a ƙarshen wasiƙarki, don shi ya fi tayar mini da hankali. Kwanuka za su iya jiranki har sati, babu abin da zai same ki. Maganin nan ba ya jira. Wanda ya yi irin ciwonki yawanci ana ɗora shi a kan masu hana jini daskarewa, irin su aspirin da clopidogrel, da mai rage gudun zuciya irin su bisoprolol, da mai rage kitsen jini irin su atorvastatin. Ba ki faɗi waɗanne biyu suka ƙare ba. Idan masu hana daskarewar jini ne, barinsu yana buɗe ƙofar sake toshewar jijiya. Idan mai rage gudun zuciya ne, yanke shi farat ɗaya yana iya sa zuciya ta riƙa gudu, tansiyo ya hau, wato hawan jini, ciwon ƙirji ya dawo. Don Allah yau ɗin nan, kafin ki ƙarasa karanta amsata ma, ki ɗauko takardar magani da kwalayen da suka ƙare, autanki ya raka ki Asibitin Jiha na nan Tawa, ki gaya wa likita kwana nawa kika yi ba ki sha ba, shi zai ce miki yadda za ki koma kansu. Idan kuɗi ne ya yi ƙaranci ki faɗa masa ba kunya, akwai jenerik, wato irin maganin na wasu kamfanoni, masu sauƙin kuɗi kuma aikinsu ɗaya. Kada dai a sayo miki na masu yawo da magani a tire cikin rana.

Zancen Yamai ma na gane. Tafiyar kilomita kusan 550 ce, a bi Konni, a bi Dogon Dutsi, a bi Doso, ga mai lafiya ma wuni ne na wahala. To amma tsakanin zuwa Yamai da zama shiru akwai hanya. Ki je da takardun da aka sallame ki da su, a auna miki tansiyo, a yi miki awon zuciya da na jini a nan gida, likita ya duba ko tafiyar ta zama dole yanzu ko za a iya ci gaba da bin ki a Tawa. Maigida kuma a kira shi a gaya masa gaskiya, cewa kuɗin magani da na ganin likita su ne gaba da komai a abin da yake aikowa.

Yanzu tambayarki. Macen da ta yi shekaru ba ta kwana da kwano ɗaya a tsakar gida ba ta wayar gari malalaciya. Abin da na gani a wasiƙarki ciwo ne da bai gama sakin ki ba.

Idan jijiya ta toshe, wani sashe na naman zuciya yana lalacewa, kuma yakan ɗauki sati 6 zuwa 8 kafin wurin ya yi tabo. Ƙarfin jiki kuwa yakan ɗauki watanni bayan haka, musamman ga wanda ya daɗe a kwance. Wasu daga cikin magungunan, irin mai rage gudun zuciyar nan, su ma suna kawo kasala. Akwai kuma gajiyar da ke nuna matsala: idan ƙafafunki suna kumbura, ko numfashi yana sarƙe miki idan kin kwanta sai kin ƙara matashi, ko bayan gidanki ya koma baƙi, wanda yakan nuna jini na zuba a ciki saboda magani, duk waɗannan na gaban likita ne, kada ki bar ko ɗaya a cikinki.

Sai tsoro. Kin ce wajen wanki ko kallonsa ba kya so. A nan ne mutuwa ta leƙo ki, ƴar'uwa, dole jiki ya tuna. Duk lokacin da kika ce "sai gobe" hankalinki yana kwanciya na ɗan lokaci, shi ya sa gobe ma za ki sake faɗa, kuma tsoron yana ƙara girma. Kukan dare da jin kin zama kaya su ma ba ƙananan abubuwa ba ne. Likitocin zuciya sun daɗe da sanin cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar da suka yi wannan ciwo yana faɗawa cikin ciwon damuwa mai tsanani, kuma masu damuwar nan su suka fi sakaci da magani da ranar asibiti. Ba raunin imani ba ne, kuma yana da magani. Idan kika zauna gaban likita ki faɗi wannan da bakinki kamar yadda kika rubuto mini, don mu mata mun saba a tambaye mu ya jiki mu ce da sauƙi, mu taso da ciwonmu.

Game da aikin gida, ki raba shi biyu. Akwai wanda ba naki ba ne yanzu sai likita ya ba ki izini: daka, jan guga, ɗaukar jarka (ta lita 25, ruwan cikinta kaɗai kilo 25 ne), matse bargo da manyan zannuwa, da duk abin da ke sa ki riƙe numfashi ki yi yunƙuri, don wannan yana harba tansiyo sama nan take. Waɗannan ki cire su daga lissafinki gaba ɗaya, ki daina kirga su cikin laifinki. Hatsi a kai injin niƙa, ruwa a saya wajen mai garuwa, wanki kuma autanki ya kama. Saurayin da ya kai lise ya isa ya wanke kayansa da na uwarsa, ba abin kunya ba ne, lada ce. Hakan zai sauƙaƙa wa yarinyar da kike riƙo, amana ce a hannunki, bai kamata karatunta ya biya kuɗin ciwonki ba. Ƴaƴanki da ke gidajensu ma ki buɗe baki ki ce su riƙa zagayowa. Na san irinku, kun fi son ku yi wa mutane a kan a yi muku, amma wannan karon ki bari a yi miki.

Sauran ƙananan ayyukan kuwa naki ne, kuma yin su yana cikin maganinki, don zaman tabarma daga safe har dare yana raunana zuciya. Kada ki ɗaura niyyar gyara ɗaki, ya yi girma, shi ya sa kike gudunsa. Ki ce yau zan ninke kayan da ke kan gado, shi ke nan. Kwanuka ki wanke su a zaune a kan kujera, a ɗora miki bahon a kan benci don kada ki duƙa. Shara a sa wa tsintsiya doguwar sanda, ki share gaban ɗakinki kawai. Ki ba kanki minti 10, idan sun cika ki tsaya ko da kina jin za ki iya ƙarawa. Kuma ki daina jiran rana ta yi sanyi, a Tawa idan Afrilu da Mayu suka kama zafi yana haura digiri 40, jiran yamma jiran gobe ne. Lokacinki shi ne bayan asuba, kafin ki taɓa waya. Kada kuma ki yi aiki da kin gama cin abinci, ki bari kamar awa ɗaya ta wuce. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne.

Idan likita ya duba ki ya amince, ki haɗa da tattaki, minti 5 zuwa 10 a farko ko da a tsakar gida ne, ki riƙa ƙarawa har ki kai rabin awa a yawancin ranakun sati. Ma'aunin da za ki riƙe mai sauƙi ne: idan kina iya magana kina aikin ba tare da numfashi ya yanke ba, kina kan daidai. Idan nauyin ƙirji ya zo, ko jiri, ko zufa mai sanyi, ki tsaya ki zauna. Idan bai lafa ba cikin ƴan mintuna, asibiti kai tsaye, ko tsakar dare ne, ba jiran gari ya waye, ba jiƙo. Ki ajiye lambar mai mota ko mai adaidaita da kuka yarda da shi, kowa a gidan ya san inda take. Sanin abin da za ki yi idan abin ya taso shi ne zai rage miki faɗuwar gaba. Wajen wankin ma wata rana ki ja kujera ki zauna kusa da shi ana yi kina hira, daga baya ki ɗauraye kallabi ɗaya.

Ita kuwa Iya, uwar mijinki, kada ki yi musu da ita. Tana ganinki a tsaye ba rauni ba bandeji, a wajenta kin warke, kuma wataƙila ita ma tsoro ne ke cinta, ta ga mai riƙe gidan ta kwanta. Idan tana da ƙarfin fita ki roƙe ta ta raka ki asibiti ta ji daga bakin likita, in ba haka ba ɗanta ya yi mata bayani ta waya, maganarsa za ta fi taki shiga. Ki rubuto mini bayan kin ga likita, ki gaya mini waɗanne magunguna ne suka yanke da abin da ya ce game da kukan daren nan.

Gwaggo